Yadda ake hana ƙanƙara taruwa bisa jirgin su a tekun sanyi

A Tawa ƙanƙara abin saye ce. In azumi ya faɗo cikin bazara, tun la'asar yara ke yawo da kula suna neman gidan da firigo bai mutu ba. Shi ya sa ɗan Adar da bida ta kai shi nesa, har ya samu aiki cikin jirgin su, wato na kamun kifi, mai fita tekun arewa, in ya ji ana maganar ƙanƙara sai ya ɗauka kukan sanyi ne kawai, irin wanda ake yi da ɗari. A can kuwa ƙanƙara lodi ce. Ba wanda ya loda ta, ba ta cikin takardar kaya, kuma sama take zama, inda jirgi ya fi ƙin nauyi. Duk wanda ya taɓa ganin kamyo ya taso daga Galmi an jibga masa buhunan albasa har sun haura ƙarfen bodi, ya san yadda irin wannan mota ke rangaji a kwana. Haka jirgi ke yi, sai dai shi in ya kwanta babu gefen titi. A watan Janairun 1955 jiragen su biyu na garin Hull a Ingila, Lorella da Roderigo, sun kife rana ɗaya arewa da Aislan da mutum 40. A ranar 28 ga Disamban 2020 jirgin Rasha mai suna Onega ya nutse a tekun Barents da mutum 19, biyu kaɗai aka tsamo da rai. Shekara 65 ke tsakani, na'urori sun canza, ƙanƙarar tana nan yadda take.

Yadda take haɗuwa

Ruwan teku saboda gishirinsa ba ya daskarewa sai ya kai wajen digiri 1.8 ƙasa da sifili. Ƙanƙarar da ke kama jirgi, kusan tara cikin goma daga feshi take zuwa: goshin jirgi ya daki igiyar ruwa, ruwan ya tashi sama, iska ta watsa shi bisa ƙarfe mai sanyi, ya daskare nan take. Hazo mai daskarewa da ruwan sama mai daskarewa su ma suna kawo tasu, amma siririya ce, illarta santsi da rufe gilashi. Mai kifar da jirgi ita ce ta feshi, kuma abu uku take jira su haɗu: sanyin iska ya wuce digiri 2 ƙasa da sifili, gudun iska ya kai mita 9 a daƙiƙa (wajen mil 18 na teku a awa), ruwan teku kuma ya sauka ƙasa da digiri 7. Ana yawan samun haka daga Nuwamba zuwa Maris a tekun Bering, da Okhotsk, da Barents, da kewayen Aislan da Girinlan, da gabashin Kanada. A can kudu, bayan layin digiri 60, lokacin sanyin ya sha bamban da na arewa, amma aikin ɗaya ne.

Akwai lissafin da James Overland na NOAA, hukumar binciken teku da yanayi ta Amurka, ya fitar don jirage masu tsawon mita 20 zuwa 75, kuma ana yin sa da kalkuleta ta cikin waya. Ɗauki gudun iska da mita a daƙiƙa, ka ninka shi da yawan digirin da sanyin iska ya sauka ƙasa da inda ruwan teku ke daskarewa. Ajiye wannan adadi. Sai ka duba digiri nawa ruwan tekun ya ɗara wurin daskarewarsa, ka ninka da 0.3, ka ƙara 1. Raba na farko da na biyu. In abin da ya fito bai kai 22 ba, ƙanƙarar da za ta taru ba ta kai santimita 0.7 a awa ba. Daga 22 zuwa 53, tana iya kaiwa santimita 2. Daga 53 zuwa 83, santimita 2 zuwa 4. Sama da 83, fiye da santimita 4 kowace awa. Misali: iska mita 15, sanyinta digiri 8 ƙasa da sifili, ruwa digiri 3 sama da sifili, abin ya ba da 38, matsakaiciya ke nan. Iskar ta ƙaru zuwa mita 20, sanyi ya kai digiri 10 ƙasa da sifili, ruwa ya sauko zuwa digiri 1, sai ya haura 89. Ka ga ƙaramin canji ne a kowane ɓangare, amma ya ninka lissafin fiye da sau biyu.

Yanzu a mai da santimita kilo, don nan ne mutane ke ruɗuwa. Kaurin santimita 1 bisa fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi wajen kilo 9 ne. Jirgin da ke da fili buɗaɗɗe na murabba'in mita 150, in kauri ya kai santimita 5, ya ɗauki kilo 6,750, wato buhun siminti 135. Wayar ƙarfe mai kaurin santimita 2, in ƙanƙara ta naɗe ta ta kai santimita 10, kowace mita ɗaya tana ɗauke da kusan kilo 7, kuma can sama take rataye. Ƙa'idar Hukumar Sufurin Teku ta Duniya, IMO, ta 2008 ta ce a lissafa wa jirgin su kilo 30 bisa kowane murabba'in mita na daɓe, da kilo 7.5 bisa na gefe. Kilo 30 ɗin nan kaurin santimita 3 da ɗoriya ne kawai. A daren da take taruwa santimita 2 a awa, kafin awa biyu an cinye rarar da aka yi wa jirgin. Duk abin da ya ƙaru bayan nan, babu shi a lissafin wanda ya zana jirgin.

Kafin a kwance igiya

Rabin aikin a tasha ake yin sa, hannu bai daskare ba tukuna. A fara da hasashen yanayi. A duba na hanyar gaba ɗaya, har da na dawowa, domin jirgin da zai dawo ya sha mai, ƙasansa ya yi sauƙi. A ruwan Amurka in aka ce an fitar da gargaɗin feshi mai tsanani, ana nufin santimita 2 a awa ko fiye. Na'urar NAVTEX, mai karɓar gargaɗin yanayi a rubuce, a bar ta kunne. A tekun Barents da na Nowe akwai ƙananan guguwa masu haɗuwa cikin ƴan awoyi, hasashen jiya ba ya isar maka yau. In lissafin nan na sama ya faɗa gida na uku ko na huɗu a kan hanyar da za a bi, a zauna a tasha. Kwana ɗaya na jira yana cin kuɗi, shi ya sa masu jirgi ba sa son jin wannan shawara, amma dai ita ce.

Sai littafin daidaiton jirgi, wanda ke nuna nawa zai iya ɗauka da inda za a ajiye. A buɗe shafin lodin lokacin ƙanƙara, a bi shi. Kuma a auna kayan da sikeli, kada a yarda da abin da aka rubuta shekarun baya. Jirgin kamun ƙaguwa mai suna Destination, wanda ya kife a tekun Bering a watan Fabrairun 2017 da mutum 6, yana ɗauke da kejin ƙarfe 200. Littafinsa ya lissafa kowane keji wajen kilo 320, alhali na gaskiyar sun kai wajen kilo 380. Tan 12 ke nan na ƙari bisa daɓe tun ƙanƙara ba ta fara ba. Keji kuwa shi ne mafi muni, don raga ce ta ko'ina, feshi na shiga har tsakiyar tulin ya daskare inda guduma ba ta kai.

Duk abin da zai iya sauka ƙasa a saukar da shi. Taru, igiyoyi, kwanduna, akwatunan kifi, tulin ƙugiyoyi, a shigar da su rumbun jirgi a ɗaure. Hannun injin ɗaga kaya a kwantar da shi a ƙulle. Wayar da ba ta da aiki a wannan tafiya a kwance ta. Abin da dole ya kwana waje, kamar injin jan taru da na anga, a rufe shi da tamfal mai santsi a ɗaure tam. Ƙanƙara ba ta riƙe tamfal da kyau, bugu ɗaya take zubewa. Tamfal mai sako-sako kuwa aljihu yake yi, ya tara ruwa, ya zama dutse.

Tankunan ƙasa na mai da na ruwa su kasance cike, kuma a tsara a fara shan gazuwal na tankunan sama. Tanki ko dai cike ko wayam. Mai ɗauke da rabin bokiti a ka ya san yadda ruwan ke kai-komo yana jan wuyansa, cikakke kuwa lafiya lau. Rabin tanki haka yake yi wa jirgi, duk inda ya karkata ruwan ya bi shi can ya ƙara danna shi.

A jikin bangon da ya kewaye daɓe akwai kafofin da ruwa ke fita in igiya ta hau. Su ne indararon jirgi. Soron da indararonsa ya toshe da damina, kowa ya san ƙarshensa. A gwada murfin kowace kafa da hannu, a shafa wa maƙalarsa giris, a kawar da duk abin da aka jingine gabanta. Ƙofofi da murafen rumbu a duba robarsu, a shafa mata man silikon don kada ta manne ta yage. Bututun ruwan kashe gobara da na wankin daɓe a tsiyaye su, in ba haka ba su daskare su fashe. Wayoyin ɗumama gilashin ɗakin tuƙi, da na matakala da bakin ƙofa in jirgin na da su, a kunna a taɓa da hannu a ji ɗumi.

Kayan fasa ƙanƙara a ƙirga su da yawan mutane, kowa da nasa: gudumar itace ko ta roba mai nauyi, kulki mai kamar ƙaramar taɓarya, felu mai faɗi, makankari, tsintsiya mai tauri, buhun gishiri da na yashi. A ajiye su cikin ɗaki kusa da ƙofa. An sha ajiye su cikin akwati a goshin jirgi, ranar da ake nema akwatin ya shige cikin ƙanƙara.

Abu na ƙarshe a tasha, a auna tangaɗin jirgi. Za a ga amfaninsa nan gaba.

Ido da agogo

Da sanyin iska ya kusa digiri 2 ƙasa da sifili, mai gadin ɗakin tuƙi ya fara rubuta abu huɗu kowace awa: sanyin iska, sanyin ruwa, gudun iska da inda take fitowa, da kaurin ƙanƙara. A zaɓi wuri biyu ko uku da ba sa canzawa, misali shingen ƙarfe na goshi hagu da dama da gaban ɗakin tuƙi, a riƙa aunawa da rula. Da dare a haska da fitila mai ƙarfi. Ƙiyasin ido ta bayan gilashi kullum ragewa yake yi, kuma gefen da iska ke bugu sau da yawa ba a ganinsa daga kujerar tuƙi. Alamar farko takan bayyana bisa siraran abubuwa, eriya da waya da shinge, kafin faffaɗan bango.

Tangaɗi shi ne jirgi ke faɗa maka halin da yake ciki. Ka danna agogo lokacin da ya kai ƙarshen kwanciyarsa a dama, ya tafi hagu, ya dawo dama, ɗaya ke nan. Ƙirga biyar, ka raba daƙiƙoƙin da biyar. Jirgi mai lafiya da sauri yake miƙewa, har ya dami cikin baƙo. Wanda nauyi ya hau kansa sai ya koma lilo a hankali, in ya kwanta ya ɗan tsaya kamar mai tunanin ko ya tashi. Sabon ma'aikaci yakan ji daɗi ya ce teku ta lafa. Tsohon hannu in ya ji haka tashi yake ya ɗauki guduma.

Ana iya mai da wannan lissafi. Ƙarfin miƙewar jirgi, wanda littafi ke kira GM, ana kusantarsa haka: faɗin jirgi da mita, a ninka da 0.8, a raba da daƙiƙoƙin tangaɗi, abin da ya fito a ninka shi da kansa. Jirgi mai faɗin mita 8 da tangaɗin daƙiƙa 8, GM ɗinsa mita 0.64 ne. Tangaɗin ya koma daƙiƙa 11, ya faɗo 0.34, alhali mafi ƙarancin da aka yarda wa jirgin su mai daɓe ɗaya 0.35 ne. Cikin manyan igiyoyi awon ba ya fita daidai, don igiyar na tilasta wa jirgi nata takun, saboda haka a maimaita sau da yawa, a kwatanta da wanda aka auna a tasha. Tsawaitar ita ake kallo.

Tuƙi

Guduma tana cire wadda ta riga ta taru, matuƙi ne ke hana ta taruwa. Feshi ya fi yawa in ana tafiya da gudu ana fuskantar iska, ko tana zuwa daga ɗan gefen goshi. Matakin farko a rage gudu, a yi ta ragewa har ruwa ya daina tashi ya haura goshi, a bar abin da zai isa jirgi ya ji sitiyari. Sau da yawa wannan kaɗai yana rage taruwar ƙwarai. A daina su, a janye taru da wuri, don jan taru mai nauyi ta gefe da jirgin da kansa ya yi nauyi hanyar kifewa ce.

In rage gudu bai isa ba, a juya a ba iska baya. Jirgin da ke tafiya tare da iska feshinsa kaɗan ne, mutane na iya fita su yi aiki. Amma juyawar a yi ta da wuri, domin a tsakiyarta dole jirgi ya ba igiya haƙarƙari, kuma wanda ya riga ya ɗauki tan goma a ka yana iya kwantawa a nan bai tashi ba. A jira tazara tsakanin manyan igiyoyi, a sanar da kowa, a juya a hankali ba da cikakken sitiyari ba. Bayan an juya a kula da igiyar da ke bin baya: in gudunku ya zo ɗaya da nata, tana iya ɗaga gindin jirgi ta murɗa shi ya gicciye. A rage gudu ta riƙa wucewa ta ƙarƙashi.

Ina za a nufa? Ruwa mai ɗumi ya fi komai, in taswirar zafin ruwa ta nuna yana kusa, don ɗan ƙarin digiri 3 ko 4 yana karya lissafin nan sosai. Bayan tsibiri ko gaɓa igiya na raguwa, feshi ya ragu, sai dai iskar da ke gangarowa daga duwatsu masu dusar ƙanƙara ta fi ta tsakiyar teku sanyi, kuma bugun bazata take yi. Jirgin Ross Cleveland, shi ma na Hull, cikin mashigin Isafjord na Aislan yake fake a watan Fabrairun 1968 lokacin da ya kife, mutum ɗaya ya tsira. Mafaka tana ba da damar fasa ƙanƙara ne, a yi amfani da damar tun da isowa. Haka gefen ƙanƙarar teku mai yawo: ruwa kwance, iska kuwa ta fi ko'ina sanyi, da an ɗan matsa waje feshin zai kama da ƙarfi.

A kira tasha da jiragen da ke kusa ta rediyo a faɗi inda ake da kaurin da aka auna. Dokar SOLAS, yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku, ta ɗora wa kyaftin ya ba da labarin irin wannan yanayi. Ba abin kunya ba ne, kuma in abu ya ɓaci an san inda za a nema.

Fasawa

A fara tun kauri bai wuce santimita 1 zuwa 2 ba. Sabuwar ƙanƙarar feshi tana da ruwan gishiri a cikinta, taushi gare ta, felu ma na kwashe ta. In ta yi awoyi ruwan gishirin ya tsiyaye, sai ta ƙanƙame ta kama ƙarfe, aikin minti 20 ya koma na awa biyu.

Kafin kowa ya fita, kyaftin ya daidaita jirgi inda ba ya shan ruwa, a kunna fitilun daɓe, a ƙirga masu fita. Kowa da rigar iyo da ɗamarar tsaro, igiyarta a maƙale a ƙarfe mai ƙarfi, da hular kwano, da tabarau, don tsinin ƙanƙara na tashi. Mutum biyu-biyu, kada ɗaya ya ɓace wa ɗan'uwansa. A barbaɗa yashi a hanyar tafiya.

Farko a buɗe kafofin zubar ruwa, don in igiya ta hau daɓe ta rasa mafita, nauyinta ya fi na ƙanƙarar saurin kifar da jirgi, kuma ta nan ne za a tura wadda aka fasa. Daga nan a hau sama: rufin ɗakin tuƙi, dogayen sanduna da wayoyinsu iya inda hannu ya kai ba tare da hawa ba, ƙarfen rataye taru, sannan shinge, sannan bango, daɓe a ƙarshe. Kilo ɗaya a mita 6 sama ya fi kilo da yawa a daɓe illa. Waya a doke ta da kulki daga gefe, girgizar ce ke zubar da ƙanƙarar, kuma kada kowa ya tsaya ƙarƙashi. Faffaɗan bango a daki tsakiyarsa da gudumar itace, ƙarfen ya ɗan motsa, ɓawon ya saki. A yi hagu da dama tare.

Duk abin da aka fasa a kwashe shi da felu a zuba a teku nan take. Wadda aka bari a daɓe nauyinta na nan, tana zamewa gefe ɗaya in jirgi ya karkata, ta toshe kafofin da aka buɗe, ta sake daskarewa ta zama dunƙule.

Gudumar ƙarfe da gatari ba su da wuri kusa da tiyon mai na injin ja, da wayar lantarki, da gilashi. Ko a bango ma suna fasa fenti, tsatsa ta shiga, kuma ƙarfe mai kaushi ya fi riƙe ƙanƙarar gaba. Eriya, kan radar da fitilun hanya da hannu ake share su ko da ɗan itace. Radar a bar ta tana juyawa. Fitilun LED ba sa zafi kamar tsofaffin ƙwai, don haka ƙanƙara na rufe su ruf, jirgi na tafiya ba a ganinsa, sai an riƙa dubawa. Kwale-kwalen ceto na roba da ke cikin farin akwatinsa da na'urar kiran agaji ta EPIRB an yi su ne su saki kansu in jirgi ya nutse bai wuce mita 4 ba. In ƙanƙara ta manne su da mazauninsu, tare da jirgin za su tafi. A share su kowane zagaye, da hannu ko ruwan ɗumi, ba da bugu ba. Bakin bututun shaƙar iska na tankuna shi ma a buɗe: in ya toshe, famfo na ja iska ba ta shiga, gazuwal ya daina isa inji, inji ya mutu a lokacin da ba a so. Haka ragar da ɗakin inji ke shan iska ta cikinta.

Tururi ko ruwan zafi yana da kyau wajen injin anga da maƙalan ƙofa. A yanka ƙanƙarar da shi daga ƙasa ta faɗo guntu-guntu, kada a tsaya narkar da ita duka, kuma a tabbata ruwan na da hanyar fita, in ba haka ba an ƙara mata ne. Gishirin abinci yana aiki zuwa wajen digiri 10 ƙasa da sifili, bayan nan ƙarfinsa ya ragu, sai gishirin kalsiyom. Dukansu suna cin ƙarfe, a taƙaita su ga matakala da bakin ƙofa da kafofin ruwa. Giris bisa waya yana sa ƙanƙara saurin saki, amma kada ya taɓa inda ƙafa ke takawa ko inda hannu ke kamawa.

In jirgi ya karkata

Karkata iri biyu ce, maganinsu ya saɓa, kuma a nan ake kuskuren da ba a gyarawa. Ta farko, ƙanƙara ta fi yawa a gefen da iska ke bugu, jirgi ya jingina can, amma tangaɗinsa na nan da ƙarfi. Haka ta faru da Scandies Rose a daren 31 ga Disamban 2019 kusa da tsibirin Sutwik na Alaska: ƙanƙara ta taru a damansa, ya yi ta kwanciya har ya kife, mutum 5 suka rasu, 2 suka tsira. Irin wannan a fara fasa gefen da ya yi nauyi.

Ta biyu, ƙanƙarar daidai take hagu da dama, amma jirgi ya kwanta gefe ɗaya ya zauna, igiya ta ture shi ya faɗa ɗaya gefen ya sake zama. Wannan ya rasa ƙarfin tsayuwa a miƙe. In aka sauke nauyi daga gefen da ke ƙasa, zai zabura ya wuce tsakiya ya faɗa ɗayan da ƙarfin da zai iya kifar da shi. Sai a fara da abin da ya fi tsawo a tsakiyar jirgi, sannan gefen da ke sama. In za a cika tankin ƙasa da ruwan teku, a fara da ƙarami na gefen da ke ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, a cika shi fal kafin a taɓa wani, ko da karkatar ta ɗan ƙaru da farko. A kowane hali kada a tura mai daga tanki zuwa tanki don miƙe jirgi, domin ana cikin turawa tankuna biyu ne suka zama rabi-rabi. In ana fasawa tana ƙaruwa fiye da yadda ake cirewa, a zubar da kayan da ke bisa daɓe a teku, keji ne ko taru ko kifi, a kira agaji ta lamba 16 a rediyon VHF, kowa ya fito daga ɗakin kwana da rigar nutso a hannu, wato rigar roba mai rufe jiki duka ta hana ruwan sanyi shiga.

Rigar nan an yi ta a sa cikin minti 2, amma sai wanda ya gwada. A gwada ta a tasha bisa kayan sanyi, a shafa wa zif ɗinta kakin da aka tanada. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa babu ita, minti na farko numfashi ke ƙwace masa, cikin kamar minti 10 hannu ya daina kama igiya.

Jikin da ya saba da zafin Tawa ba ya ba da labarin sanyi da wuri. A yi aiki minti 20 zuwa 30 a shiga a ɗumama, wasu su karɓa. Tufafi hawa-hawa, na ciki ulu ko na roba, ban da auduga, don auduga na riƙe gumi ta sanyaya mutum. Safar hannu biyu, a ajiye busassu na canji. Wanda ya yi alwala ya goge hannu da fuska sarai kafin ya fita, kuma kada a kama ƙarfe da hannu tsirara. Shayi mai zafi da sukari yana taimako, giya kuwa ɗumin ƙarya take bayarwa. A riƙa duba fuskar juna: kunne ko hanci ko yatsa in ya yi fari-fari ya taurara ya daina ji, a shiga ciki, a tsoma cikin ruwan ɗumi na digiri 37 zuwa 39, kada a murza, kada a kara a jikin inji ko murhu.

In an shigo tasha a fasa sauran kafin a fara sauke kifi, don kifin da ke rumbu shi ke danne jirgi daga ƙasa, ana cire shi nauyin sama ya ƙara rinjaye, jirgi na iya jirkicewa a bakin gaɓa yana ɗaure. Sannan a zagaya a duba tiyo, waya, eriya da fenti, a rubuta a littafin jirgi kaurin da aka auna kowace awa, da gefen da ta fi kamawa, da daƙiƙoƙin tangaɗi a lokacin da ta fi yawa.